Ɗan tudu ya koyi haɗa jirgin iska

Jama'a manoma da makiyaya, ga labarin wani mutumin ƙasar Rumbu, cikin gundumar Dakwaro. Manomi ne, yana da ƴan awaki da jaki guda. Garinsu ba shi da nisa da Sakabal, kusa da kwarin Tarka. Yana da mata da ɗiya uku, kuma tsohuwarshi tana hannunshi.

Kowa ya san ƙasar Rumbu. Ba kogi, ba gulbi mai gudu. Ruwan da ake gani a fili shi ne na tabki, da damina, kuma ba ya daɗewa yake ƙafewa. Sauran ruwa yana can ƙarƙashin ƙasa, sai da doguwar igiya, da guga, da dabba mai ja. Mutumin nan bakin rijiya ya girma. Tun yana yaro ya iya tufkar igiya, ya iya ɗinkin guga, ya iya gyaran kurar da igiya ke bi ta kanta. Amma bai taɓa shiga ruwan da ya wuce gwiwarshi ba.

To, ga shi yau ya san yadda ake haɗa jirgin ruwa, a kafa mishi icce, a ɗaura mishi zane, iska ta tura shi. Ga yadda abin ya faru.

Tafiya cin rani

Daminar 2021 ba ta yi kyau ba a wurare da yawa na Nijar. Ruwa ya ɗauke da wuri, hatsi bai cika ido ba. Damman da mutumin ya samu ba za su kai iyalinshi ko rabin rani ba. Sai ya saida akuya biyu, ya yi kuɗɗin mota, ya bi wasu abokai. Suka bi ta Madawa da Birnin Ƙonni, suka shiga Najeriya ta Illela. Suka wuce Sakkwato, da Jega, da Koko, har suka sauka Yalwa, cikin ƙasar Yawuri, jihar Kabi.

Nan ya fara ganin Kwara. Shi ne kogin da ya taso daga duwatsun Gini, ya ratsa Mali, ya wuce Yamai da Gaya. A 1968 an gama gina babbar madatsa a Kainji, kudu da Yawuri. Ruwa ya taru bayanta, ya zama tabkin da tsawonshi ya wuce kilometir 130. Ya cinye gonaki da garuruwa, har da tsohon garin Busa, aka tashi mutane fiye da 40,000 aka sake musu mazauni. Itatuwan da ruwa ya rufe, kututtansu suna nan ƙarƙashi, suna fasa jiragen da ba su san hanya ba.

Mutumin Rumbu ya tsaya bakin ruwa, ya rasa ta cewa. Ya tuna yadda ake faɗa bisa guga guda a rijiyar garinsu. Ga ruwa iyakar ganin ido, ba mai gadi.

Ya fara da dako a bakin ruwa. Mutanen wurin suna kiran shi ɗan tudu, don ko jirgi a ɗaure yake, in ya taka shi sai ƙafafunshi su yi rawa. Wata rana wani tsoho, daga cikin Sarkawa masunta, ya gan shi yana haɗa igiya biyu da suka tsinke. Ya tsaya ya duba haɗin, ya ja, bai motsa ba.

Ya ce: “Yaro, wa ya koya maka wannan?”

Ya ce: “Rijiya ce ta koya mini, Baba.”

Tsohon ya ɗauke shi aiki. Sana'arshi gyaran jirage da haɗa sababbi. Yana kuma da nashi jirgi mai ƙaramin inji, yana ƙetarar da kaya ran kasuwa. Garinshi yana kudu da Yalwa, gefen gabas, inda ruwa ya yi faɗi. Tun daga nan, kowace shekara mutumin Rumbu yakan koma gida ya yi noma, in an yi girbi ya dawo wurin tsohon.

Ran da inji ya yi shiru

Daminar 2024 ta zo da ruwa mai yawa. Ya yi ɓarna a Nijar, kuma jihar Maraɗi tana cikin waɗanda suka fi jin jiki. Ɗakin tsohuwar mutumin nan ya faɗi. Allah ya kiyaye, ba kowa ciki. Gonarshi ta kwari ruwa ya kwanta mata, hatsi ya ruɓe. Da ya tashi tafiya cikin watan Nuwamba, nauyi biyu ke kanshi: ginin ɗaki da cikon abinci.

Ya iske jirgin tsohon a kife bisa tudu, inji kuma cikin ɗaki an rufe shi da buhu. Dalili shi ne isansi, wanda mutanen Najeriya ke ce ma fetur. Ran 29 ga watan Mayu 2023 gwamnatin Najeriya ta janye tallafin da take sa mishi. Litir da bai kai naira 200 ba, kafin ƙarshen 2024 ya wuce naira 1,000. Mai babban jirgi yana iya raba kuɗɗin bisa mutane da yawa. Mai ƙarami kuwa, in ya je ya dawo, abin da ya samu mai ya cinye.

Mutumin Rumbu ya zauna, jikinshi ya yi sanyi. In jirgi bai tafi ba, ba ladan da zai samu. In ba lada, da me zai koma gida?

Tsohon ya ce: “Ɗana, kada ka damu. Akwai man da ba a saye. Ka ji shi yana kaɗa ganye?”

Sai ya ba shi labari. Da ƙuruciya ya yi su a Yeji, bakin tabkin Bolta, ƙasar Gana. Can ya ga masunta suna ɗinke buhunan gari, suna ɗaga su bisa icce, iska tana tura jirgi. Ba su kaɗai ke yi ba. Ana yin haka wajen Mopti, ƙasar Mali. Ana yi a Ganbiye, kusa da Kwatano, inda mata ke kai kifi kasuwa. Mutanen Masar sun yi shekara fiye da 5,000 suna tafiya bisa kogin Nilu da zane. Alhazan dauri ma, masu tafiya Makka ta ƙasa, da yawansu cikin irin wannan jirgi suka ƙetare Bahar Maliya, daga Sawakin zuwa Jidda.

Tsohon jirgin ya yi nauyi, kuma ya fara ruɓewa. Suka shirya su haɗa ƙarami. Tsohon yana awo da kamu da taƙi. Mutumin Rumbu ya yi makarantar yaƙi da jahilci, sai ya riƙa bi da metir yana rubuta komi cikin ɗan littafi.

Haɗa jikin jirgi

Tsawon jirgin metir 6. Faɗinshi a tsakiya metir 1 da santimetir 20. Zurfinshi santimetir 50.

Da farko suka share wuri mai daidai. In ƙasa ta karkace, jirgi ma karkacewa zai yi. Suka jera katako uku, su ne gindin jirgi. Suka fere gefensu har suka haɗu ba rata. Suka gicciya guntayen katako masu kauri bisa kansu, kowane rabin metir, suka kafe da ƙusa. Waɗannan su ne haƙarƙarin jirgi.

Sai ɗaga goshi. Jirgin da goshinshi ke kwance, ruwa yake sha. Suka jiƙa katakon, suka ɗora duwatsu a tsakiya, suka tokare gaba da baya da icce. Kowace safiya su ƙara tokari kaɗan. Mutumin Rumbu ya so a gama rana guda. Tsohon ya ce: “Katako kamar ɗan maraƙi ne. In ka tanƙwara shi da ƙarfi, karyewa zai yi.”

Bayan kwana huɗu suka kafa katakon gefe, dama da hagu. Suka gicciya katakon zama uku daga gefe zuwa gefe. Ba don zama kaɗai ake sa su ba, su ke hana bakin jirgi buɗewa ko matsewa.

Saura toshiya. Duk inda katako biyu suka haɗu, suka cusa tsumma da bakin ƙarfe, suka zuba narkakkiyar kwalta, suka rufe da siririn kwano. Sannan suka tura jirgin cikin ruwa, suka bar shi kwana uku. Ran farko ya sha ruwa, mutumin Rumbu ya ce aiki ya ɓaci. Tsohon ya yi dariya. Busasshen katako in ya jiƙa kumbura yake, ya matse sauran ƴan kafofin da kanshi. Ran na uku suka kwashe ruwan, jirgi ya tsaya a bushe.

Daga ƙarshe tsohon ya ɗauki farin fenti, ya ja layi a jikin jirgin daga waje, taƙi guda ƙasa da baki. Ya ce: “In ana loda kaya, ruwa ya taɓa layin nan, an gama. Ko uwar mutum ce ta zo da ƙullin kaya, sai ta jira wani sawu.”

Kafa ginshiƙi

Iccen da ke riƙe zane, suka ce mishi ginshiƙi. Gora ce mai kauri, madaidaiciya, tsawonta metir 3 da rabi. Ba tsakiyar jirgi ake kafa shi ba. A raba tsawon jirgi uku, a kafa shi ƙarshen kashi na farko daga goshi. Nasu ya tsaya metir 2 daga goshi. In ya yi baya da yawa, jirgi ya riƙa juya kai wajen iska. In ya yi gaba da yawa, ya riƙa kauce mata, tuƙi ya yi wuya.

Wuri biyu ke riƙe shi. Suka huda katakon zama na gaba, ginshiƙi ya ratsa ta ciki. A ƙasa suka kafe wani guntun icce mai rami, kamar ɗan turmi, gindin ginshiƙi ya zauna ciki. In ba wannan turmi, ginshiƙi zai huda gindin jirgi, ko ya zame.

Suka ɗaura igiya uku daga kanshi: guda zuwa goshi, guda zuwa gefen dama, guda zuwa gefen hagu. Na gefe an ja su baya kaɗan. Duk wanda ya taɓa kafa tanti ko rumfar biki ya san amfaninsu.

Tsohon ya so ya huda kan gorar, igiyar ɗaga zane ta bi ta ramin, yadda ya gani a Gana. Nan ɗan tudu ya yi magana.

Ya ce: “Baba, in igiya tana gogar icce, cinyewa take, kuma tana sarƙewa. Mu can kura muke sa mata.”

Ya samu guntun iccen aduwa, mai tauri. Ya sassaƙa ƴar kura kamar tafin hannu, ya yi mata kwari a gefe inda igiya za ta kwanta. Ya soka ƙarfe ta tsakiya, ya shafa mai. Suka rataya ta kan ginshiƙi. Tsohon ya ja igiya, ta tafi sumul. Bai ce komi ba, ya gyaɗa kai kawai.

Ɗinkin zanen iska

Suka sayi buhunan shinkafa shida, waɗanda ba su huje ba. Buhu mai cin kilo 50, in an farke shi, ya kusa metir guda kowane gefe. Suka jera biyu a faɗi, uku a tsaye, bakin kowane ya hau na ɗan'uwanshi da yatsa uku. Suka yi ɗinki layi biyu da basilla. Suka yanke shi ya zama kusan metir 2 a faɗi, metir 2 da rabi a tsaye.

Buhu shi kaɗai ba ya jure ja. Don haka suka naɗe bakinshi duka bisa igiya, suka ɗinke. Igiyar ce ke ɗaukar nauyi, ba buhun ba. Kusurwa huɗu kuma suka yi musu maho, don nan ne zane ke fara yagewa. Mutumin Rumbu ne ya tufka igiyoyin duka da zaren tsofaffin buhuna, irin tufkar igiyar guga.

Suka ɗaure bakin sama na zanen jikin wata siririyar gora, suka ce mata sandar sama. Igiyar ɗagawa ba tsakiyar sandar ake ɗaura ta ba. A raba sandar uku, a ɗaura ƙarshen kashi na farko. Ta haka kaɗan daga zanen yana gaban ginshiƙi, mafi yawa yana bayanshi. Suka sa wani sakakken zoben igiya da ke riƙe sandar kusa da ginshiƙi, yana hawa da sauka tare da ita.

Saura kusurwa biyu na ƙasa. Ta gaba aka ɗaure ta gindin ginshiƙi, tam. Ta baya aka sa mata doguwar igiya, ita ce igiyar hannu. Da ita ake jawo zane, da ita ake sassauta shi.

Tsohon ya riƙe ta, ya dubi yaronshi. Ya ce: “Ka ji da kyau. Igiyar ɗagawa ana ɗaure ta, amma da ɗaurin da ja guda ke warware shi. Igiyar hannu kuwa ba a ɗaure ta. Har abada.”

Allo, da iccen tuƙi, da bido

Jirgi mai shimfiɗaɗɗen gindi, in iska ta bugo shi ta gefe, zamewa yake kamar ƙwarya bisa ruwa. Maganin wannan wani allo ne, tsawonshi metir 1, faɗinshi santimetir 30. Ana rataya shi da igiya a gefen da iska ke turawa, rabinshi cikin ruwa. Yana yanka ruwa ta gaba, amma yana tokare shi ta gefe. Sai jirgi ya daina zamewa, ya miƙe.

Tuƙi da dogon iccen tuƙi ake yi, daga baya. Suka sa gwangwala ta tokarin ƙasa wurin da ba zurfi. Suka ɗaura ƙwaryar kwasar ruwa da igiya, don kada ta tafi ran da ake bukatarta.

Sannan suka samu bido huɗu, wato jarka, masu cin litir 20. Ba komi cikinsu, an toshe bakinsu da kyau. Suka ɗaure su ƙarƙashin katakon zama. Bido guda wofi yana iya riƙe kusan kilo 20 bisa ruwa. Mutum kuwa cikin ruwa ba shi da nauyi sosai. Bido guda ya isa ya riƙe kan babban mutum a sama, muddin bai sake shi ba.

Abin da iska ke yi da abin da ba ta yi

Daga Nuwamba zuwa Fabrairu iskar hunturu daga arewa maso gabas take busowa. Kasuwar da suke kai kaya tana ƙetare, wajen yamma. Da hantsi, in iska ta tashi, sai ta tura su da kayansu har can. Ba inji, ba hayaƙi, sai ƙarar ruwa jikin katako.

Dawowa ita ce aiki. Ba jirgin da ke shiga cikin idon iska kai tsaye. Sai su sa allo, su ba iska gefe, su nufi kudu maso gabas. Su sauka can ƙasa da garinsu, su sauke zane, su hauro da gwangwala ta bakin gaɓa. Wata rana kuma iska ta ƙi zuwa sam, sai tuƙi da hannu. Tafiyar da inji ke yi cikin rabin awa, su sai su yi awa biyu. Amma abin da suka samu nasu ne.

Akwai wani lissafi da ya kamata a sani. In gudun iska ya ninka biyu, ƙarfin da take tura zane ninkawa huɗu yake yi. Shi ya sa iskar da ke da daɗi yanzu, an jima kaɗan tana iya kifar da jirgi.

Ran da ya ɗaure igiya

Sun yi sawu bakwai lafiya. Ran na takwas, cikin watan Janairu 2025, suka ɗauki buhunan gishiri da na albasa na wani ɗan kasuwa. Tsohon yana baya yana tuƙi. Mutumin Rumbu yana tsakiya, gefen da iska ke fitowa, riƙe da igiyar hannu. Sanyi ya kama mishi yatsu, igiya ta ci mishi tafi. Ya duba, iska shiru-shiru take. Ya saci idon tsohon, ya ɗaure igiyar jikin katakon zama. Ɗauri ya yi na ƙwarai, irin wanda ake yi ma raƙumi.

Suna tsakiyar ruwa, sai tsohon ya hango fuskar ruwa ta yi baƙi daga baya, tana matsowa. Ya ce: “Sassauta!” Kafin a yi wani abu iska ta iso. Zane ya cika, jirgi ya kwanta bisa gefen hagu, ruwa ya fara kwararowa ta baki.

“Saki igiya! Saki!”

Ya kai hannu ga ɗaurin. Ya jiƙe, iska ta ja shi ya ƙulle, ko motsi. Ruwa ya kai mishi ƙwauri. Ya tuna ɗiyanshi, ya tuna bai iya iyo ba, ya fara salati.

“Ta ɗagawa, ɗan tudu! Ja ta ɗagawa!”

Ya rarrafa, ya kama bakin igiyar ɗagawa, ya fizga. Ɗaurin ya warware. Ƴar kurar nan ta juya, sandar sama ta faɗo, zane ya zube cikin ruwa. Jirgi ya komo daidai, ruwa rabinshi, yana nishi kamar saniyar da aka ciro daga rami. Tsohon ya ce kada ya tashi tsaye. Ya zauna ƙasa, ya kama ƙwarya, ya yi ta kwasa har hannunshi ya mutu. Suka jawo zanen, suka ƙarasa da tuƙi.

Buhun gishiri biyu sun narke. Da suka sauka, mutumin Rumbu ya durƙusa. Ya ce: “Baba, laifina ne. Ka faɗa mini, ban ji ba.”

Tsohon ya daɗe bai amsa ba. Sannan ya ce: “Na san abin da ya sa. Ku can, wanda ya saki igiya ya rasa guga, a yi mishi dariya. Hannunka ya saba da riƙewa. Nan kuwa, wanda ya ƙi sakin igiya shi ake nema da ƙugiya. Gishiri kuma biyan shi za mu yi, rabi ni, rabi kai. Ni na ga ka ɗaure, ya kamata in tsawata tun da wuri, na ce bari in ga ko za ka tuna.”

Suka biya. Ladan mako biyu ya tafi a nan.

Washegari tsohon ya kai shi wurin da ruwa ke iya ƙirji, ya ba shi bido ya rungume. Yara suka taru suna dariya, ga babban mutum da gemu yana harba ƙafa kamar kwaɗo. Bai kula ba. Kullum da marece yana zuwa. Kafin wata guda ya iya iyo ba bido, daga jirgi zuwa gaɓa.

Komowa gida

Cikin watan Mayu 2025 iska ta juya, ta fara zuwa daga kudu maso yamma, hadari ya fara haɗuwa. Tsohon ya cire ginshiƙi, ya naɗe zane. Ya ce iskar gaban hadari ba abokiyar wasa ba ce. Mutumin Rumbu ma lokacin shuka ya yi mishi. Suka yi lissafi, suka yi bankwana. Tsohon ya ce ya bar mishi ƴar kurar, ya sassaƙa wata in ya je gida.

Bai komo da dukiya ba. Abin da ya kawo ya isa ya tada ɗakin tsohuwarshi, ya sayi buhun hatsi biyu, ya maida akuya guda cikin biyun da ya saida. Littafin awo yana cikin aljihunshi. Wasu sun yi mishi ba'a, sun ce ina zai tuƙa jirgi a Tarka, bisa rairayi? Ya yi dariya tare da su. Ya ce sana'a ba ta ruɓewa, kuma rani na zuwa kowace shekara.

Abin da ya fi damunshi shi ne samarin da ke tafiya cin rani. Da yawa suna ƙetare ruwa a Yawuri, ko Gaya, ko Lakwaja, kuma ba wanda ya iya iyo cikinsu. Yakan ba su labarin Wara, cikin jihar Kabi, bisa wannan tabki na Kainji. Ran 26 ga watan Mayu 2021 wani jirgi ya taso da mutane fiye da 150 da kayansu, ya fashe tsakiyar ruwa. Kaɗan ne suka fita da rai. Hukuma ta ce lodi ne ya yi mishi yawa.

Ga abin da yake faɗa musu:

Kafin ka shiga jirgi, dubi bakinshi. In ruwa ya kusa baki, bai kai taƙi guda ba, kada ka shiga. Asarar kuɗɗin sawu ta fi asarar rai sauƙi.

Kada ka ƙetare da dare, kuma kada ka ƙetare in hadari ya taso.

In akwai rigar ruwa, sa ta, ka ɗaure. In babu, nemi bido wofi mai murfi, ka riƙe shi kusa.

Zauna ƙasa. In jirgi ya karkata, kada kowa ya ruga gefe guda.

In jirgin katako ya kife kuma yana bisa ruwa, kama shi, kada ka rabu da shi.

Abin da mai jirgi ya hana, bar shi, ko ba ka gane dalili ba tukuna.

A gida ma bai zauna haka nan ba. Da damina tabkin bayan gari yakan cika, yara masu kiwo suna shiga wanka, kuma wurin da aka haƙi ƙasar gini yana da zurfi. Ya kafa icce bakin tabkin, ya rataya bido da doguwar igiya. Ya nuna ma manyan yara yadda za su jefa ma wanda ruwa ya ja, su jawo shi daga tudu, ba tare da sun faɗa ciki ba. Ɗanshi na fari kuma ya fara koya mishi iyo, wurin da ruwa ke iya cibiya.

Ƴan'uwa, duk garin da ke da tabki yana iya yin haka. Bido guda ne da igiya gaba goma, da mutum guda mai kula. Mai gari da iyayen yara su zauna su shawarta tun ruwa bai sauka ba.

Allah ya kiyaye matafiya, ya maido su gida lafiya, ya ba da damina mai albarka. Amin.